Barci a Ƙarƙashin Motar Doya

Shekarun baya, lokacin da gwiwoyina suke da sauran ƙarfi, ina aikin lodin doya a tashar Salaga. Tun bayan asuba muke miƙa doya hannu da hannu zuwa cikin manyan motoci, kafin rana ta take jiki ya yi laushi. Idan muka ci ɗan wake da shinkafa, sai kowa ya nemi inda zai miƙe bayansa kafin azahar. Inuwar bishiya ta masu kaya ce da dillalai. Mu 'yan lodi, inuwarmu ƙarƙashin mota take.

Akwai wani tsari da muka tarar ana yi. Duk wanda zai kwanta a ƙarƙashin mota, sai ya cire silifas ɗinsa, irin wanda muke kira calewate, ya ɗora a matakalar ƙofar direba. Direba ba zai shiga ba sai ya taka wurin. In ya ga takalmi, ya san akwai mutum a ƙasa, sai ya bubbuga jikin mota har a fito. An saba da haka har direbobi suka daina sunkuyawa su leƙa. Da sun ga matakala babu komai, sai su tayar.

Ina da wani aboki mutumin Bawku, ya ɗan girme ni, da sunan garinsa muke kiransa. Ban taɓa ganin mai jin daɗin barcin rana irinsa ba. Ko kusa da injin niƙa ka shimfiɗa masa kwali, kafin ka juya ya tafi. Nakan ce masa, "Bawku, wata rana za a haɗa da kai a loda, sai dai ka farka a Kumasi." Shi kuma ya ce, "In dai ba za a tashe ni a hanya ba, ɗan Salaga, a kai ni."

Ranar da abin ya faru, mun gama cika wata mota da wuri. Direban ya ce sai bayan la'asar zai tashi, don jirgin ruwan da ke hayewa da motoci a Makango ba zai motsa ba sai yamma. Abokina ya ɗora takalminsa a matakala, ya shige ƙasa. Ni kuma cikina ya murɗa, ga banɗaki can ƙarshen tasha, ga igiyar silifas ɗina ta tsinke tun safe, ga ƙasa kamar kaskon suya. Na leƙa na gan shi rub da ciki yana minshari. Na ce a raina, yanzu-yanzu zan dawo. Na zura nasa na tafi.

A hanyar dawowa na ci karo da wan mahaifin matata, ya zo daga Yendi. Ban daɗe da aure ba a lokacin. Dole na tuɓe takalmi na durƙusa. Mutanen Yendi kuwa ba sa gaisuwa a tsaitsaye.

"Yaya ɗiyata? Tana cin abinci kuwa?"

Na amsa da irin gaisuwarsu, "Naa, Baba. Lafiya lau take."

"Da aiki? Da zafi? Da mutanen gidanku?"

Muna cikin haka na ji an tayar da mota. Na ce wa kaina, ai motoci da yawa ne a tasha, kuma direban ya ce sai la'asar. Sai idona ya sauka kan silifas ɗin da ke gefena. Tsohon kuwa ya ɗaga hannu ya fara yi mana addu'ar zuri'a. Wa yake miƙewa suruki yana tsakiyar addu'a? Ina amin, amin, kunnena yana can, ina jin an sa giya, ina jin injin yana nishi irin na motar da aka cika. Har yau in na tuna cewa na tsaya jiran ya shafa, sai in ji kamar in mari kaina. Yana shafawa na ce, "Baba, a gafarce ni," na zura takalmi na kwasa da gudu.

Wurin babu mota. Sai kwalin da abokina ya kwanta a kai, a yage, da sawun taya a gefensa. Shi kuma babu shi.

Na bi sauran motocin ina jan ƙafafun masu barci. "Ina Bawku? Wa ya ga Bawku?" Ba wanda ya gan shi. Wani ya duba kwalin ya ce, "Babu jini." Wani ya ce, "Kada dai ta maƙale shi ta tafi da shi." Wani dillali ya tayar da babur ɗinsa, na haye baya, muka bi hanyar Makango. Duk tafiyar idona yana ƙasa. Kowane tsumma na hango a titi sai in ƙura masa ido har mu wuce shi.

Mun cim ma motar a bayan gari. Direban ya sauko yana faɗa, wai an aiko masa jirgi zai tashi da wuri, me ya sa muke tsare shi. Muka faɗa masa. Muka sunkuya tare. A jikin wani kumburarren ƙarfe da ke tsakanin tayoyin baya, ga ƙyallen rigar abokina yana reto.

Direban ya zauna daɓas a kan titi, ya dafe kai. "Wallahi na duba matakala. Wallahi babu takalmi." Ya yi ta maimaitawa. Ina tsaye a gabansa, takalmin yana ƙafata.

Da muka dawo tasha aka ce an sami abokina a bayan masallaci, wajen alwala. Na tarar da shi zaune a ƙasa ba takalmi, rigarsa a tsage tun daga wuya, bayansa a kuje. Wata mai koko ta ba shi ruwa a kofi. Ashe ƙarar injin ce ta tashe shi. Ya ga tayoyi sun fara juyawa hagu da dama, ya san in ya mirgina an gama. Sai ya manne da ƙasa, ya kifa fuska, motar ta bi ta kansa daga farko har ƙarshe.

Na durƙusa a gabansa. Ya daɗe yana kallon ƙafafuna, sannan ya ce, "Sun yi maka daidai, ɗan Salaga?"

A nan na fashe da kuka, ƙato da ni, gaban mai koko da kowa. Na faɗi abin da na yi. Da direban ya dawo daga Kumasi, shi ma na same shi na faɗa masa. Ya zage ni son ransa, kuma ya yi daidai.

Abokina ya yafe mini tun a ranar, bai kuma sake tayar da maganar ba. Amma bai ƙara yin barcin rana ba. In an tashi hutu sai ya jingina da bango, idanu jajur, yana kallon masu barci. Na yi ƙoƙarin kwanciya na kasa, sai na koma zama kusa da shi. Haka muka riƙa yi, muna hamma tare, har ya bar aikin ya koma garinsu. Bayansa ya warke da wuri. Abin da na raba shi da shi ne bai dawo ba, wato ɗan hutun nan da shi kaɗai talaka yake da shi a yini. Tun daga lokacin, duk abin da na ga an ajiye a wani wuri, sai na tambayi dalili kafin in taɓa.

Bayan mun tsufa na je Bawku ta'aziyya, na ce bari in neme shi. Aka nuna mini shagon hatsin ɗansa. Rana tsaka ce. Na same shi kwance a kan benci, baki buɗe, yana minsharinsa irin na da. Ɗan ya matso zai tashe shi, na riƙe hannunsa na ce, "Bar shi, ɗana."

Na zauna a kan buhun masara ina kore masa ƙuda. Motar da zan bi ta tafi ta bar ni, ban damu ba.