Ranar da Gwaggo Tela Ta Shiga Aji

Duk wanda ya taɓa sa rigar makarantar nan ya san Gwaggo Tela. Shagonta na jikin katanga, ɗan tsut, keken ɗinki ya cinye rabi, yadi ya cinye saura, surutunta kuwa sai dai ya yi ambaliya zuwa titi. Tef a wuya, allura a baki, amma magana ba ta fasa fita. In ta auna yaro sai ta ƙara masa kamu guda, ta ce wa uwarsa, "Bar shi, zai girma ya tarar da ita." Shi ya sa 'yan aji ɗaya ke tafe suna sharar ƙasa da wando.

Ba haifaffiyar garin ba ce. Tana 'yar ficiciya aka ɗora ta a bayan babbar mota tare da kawunta, uwarta ta tsaya can, ba su sake ganin juna ba. Hausa ta shiga bakinta ta yi kane-kane. Amma fa cika baki! Duk wanda ta auna sai ya ji cewa yarensu na can tana yin sa kamar ruwa. Wa zai ƙaryata ta? Babu mai jin sa a duk unguwar.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Makaranta ta cika da 'ya'yan baƙi, sai malamai suka ɓullo da musayar yare. Kowace Laraba a zaunar da ɗan gari da baƙo a benci ɗaya, wannan ya koya wa wancan nasa, wancan ya rama, ba ni gishiri in ba ka manda. Har labarin hanyar da iyayensu suka biyo suke ba juna, wani a mota, wani a ƙafa, wani a kwale-kwale. Tsokana ta ragu, aji ya koma kasuwa. Yarinya ɗaya ce ta rage, sabuwar zuwa, tun da aka kawo ta ba wanda ya ji muryarta.

Malamar ajin ta leƙo shago da murnarta. "Gwaggo, Allah ya kawo ranarki! Mun bincika, ashe 'yar ƙasarku ce. Ki zo Laraba ki buɗe mana bakinta."

"Wannan ai ƙaramin aiki ne," in ji Gwaggo, ta caka wa yatsanta allura.

A gida ta shiga laluben yare kamar mai neman maɓalli a ƙarƙashin gado. Gaisuwa babu. Ƙidaya ta tashi ta maƙale a hanya. Ta tsaya gaban tukunya tana ta motsa baki, har maigidanta, tsohon direba, ya sauke rediyo daga kunne.

"Ke tela, me tukunyar ta yi miki?"

"Bita nake yi."

"Ruwan ne ya ƙafe?"

Ta wurga masa murfi, ya goce yana ƙyaƙyatawa. Amma tsoro ya kama ta sosai, kuma ba kunyar malamai kaɗai ba. Uwarta ba ta bar mata hoto ba, ba ta bar mata zobe ba. Yaren nan ne kaɗai gadonta, ga shi ta buɗe akwatin tana neman ta tarar da wayam.

Ran Laraba ta ci ado kamar za ta karɓi kyauta, da tef ɗinta a wuya don mantuwa. Yara suka miƙe da ihu, "Sannu da zuwa, Gwaggo!" Malama ta kai ta bencin baya. Ga yarinyar nan a takure, ta ɗora ƙafa ɗaya a kan benci da takalminta, tana tauna bakin hannun riga.

Gwaggo ta buɗe baki. Shiru. Ta sake buɗewa. Sai idonta ya sauka a kan hannun rigar, rigar da ita ta ɗinka da hannunta, ya jiƙe sharkaf da yawu. Habawa! Ba ta san sanda abin ya ɓalle ba, da yaren can, da muryar uwarta sak: "Cire rigar nan daga bakinki! Akuya ce ke? Sauke ƙafa! Wa ya raine ki?"

Ashe abin da ya rage mata kenan. Faɗa, tsantsarsa.

Yarinya ta sauke ƙafa a firgice, ta zaro ido. Can sai dariya ta ƙwace mata, ta riƙe ciki, magana ta ɓarke kamar an kunna famfo. Gwaggo ta tsinci rabi: wai haka kakarta ke yi mata, kakar da aka baro a can.

"Me ta ce? Me kika ce?" Yara suka yi caa a kansu. Nan take yarinyar ta zama malama. Aji duka ya ɗauka, kowa na nuna maƙwabcinsa yana "Akuya ce ke?" da baƙon yare, har shugaban makaranta da ya leƙo ganin hayaniya ya sami rabonsa.

Da aka kaɗa ƙararrawa, yarinyar ta kamo gefen mayafin Gwaggo, ta ɗaga kai, ta faɗi wata 'yar gajeruwar magana a hankali. Abin da uwa ke faɗa ne in ta gama faɗa ta jawo ɗa jikinta: zo nan, tawa, ya wuce.

Rabon Gwaggo da jin wannan tun kafin ta hau motar nan. Ta zauna daɓas a bencin yara, gwiwoyinta na dukan tebur, hawaye na zuba ba ta ko share ba.

"Malama," ta ce, "ki bar mini wurin nan duk Laraba." Sannan ta juya ga yarinyar. "Sake faɗa, 'yata. A hankali, in riƙe."