Kunyar Suruki a Tashar Jibiya

A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa ƙasar nan ina koyarwa a wata firamare a Jibiya, ban ma cika shekara ashirin da biyar ba. Garin ya canza a gaban idonmu. Manyan motoci suna bin juna zuwa Maraɗi ɗauke da siminti da gangunan fetur, su dawo da wake da dabbobi. Kowa na son ya sauke jinka ya buga kwano. Wanda jiya yake kan jaki yau ya sayi babur, bai kuma gama sanin inda birki yake ba. Da wuya ranar kasuwa ta wuce ba a kwashi wani a bakin hanya ba, abin da mutane suka sani kuwa shi ne a ɗaga mutum zaune, a ɗura masa ruwa, a cusa ƙasa a raunin.

Na taɓa yin kwas na taimakon gaggawa a Katsina, saboda haka na tara samari a gindin wata tsamiya bayan tasha: 'yan dako, yaran mota, da waɗanda suka gama aji bakwai ba su ci gaba ba. Sau biyu a mako, bayan la'asar. Ba wanda ya sa ni, ba wanda ya biya ni. Tsofaffin rawuna muka yayyaga muka yi bandeji. Na koya musu tsai da jini, ɗaure karaya, abin da ake yi wa wanda ya ƙone, har da yadda za su karanta takardar magani da yadda za su tsallaka titi da dabbobi.

Ranar da na nuna musu hura iska a bakin wanda numfashinsa ya tsaya, wani ɗan dako mai barkwanci ya ɗaga hannu.

“Malam, in budurwa ce ta suma, wa za ya hura mata?”

“Ba kai ba dai,” in ji abokinsa. “Bakin nan naka mai warin daddawa, ko gawa ka hura ma sai ta tashi ta ruga.”

Na yi dariya tare da su, amma a zuciyata tambayar ba wasa ba ce. Na taso da ƙananan littattafan soyayya da ake bajewa a kan tabarma a kasuwa, inda saurayi kan kutsa cikin gobara ya fito da masoyiyarsa a kafaɗa. Ni ma ina da wadda nake so, 'yar wani dattijo ma'aunin hatsi. In ta yi dariya sai ta rufe baki da gefen mayafi, idanun su ƙarasa dariyar. Sau nawa na ceto ta a cikin raina, daga kogi, daga wuta, daga ƙarƙashin mota, mahaifinta yana tsaye yana kallo yana sa mini albarka.

Iyayena sun riga sun je neman izini, dattijon bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce yana duba hali. Tun daga ranar na shiga kunyarsa yadda aka saba. In na hango shi sai in sake hanya. In ba hanyar sakewa, in tuɓe takalmi, in tsuguna daga nesa, kaina a ƙasa. Wata biyar ban ga ƙwayar idonsa ba.

Akwai doka guda da na fi tsananta wa ɗalibaina. Na ga yadda taron jama'a ke ƙarasa wanda ya ji rauni, kowa na ja ta gefensa, don haka na ce: ku yi da'ira, ku tare mutane, kada wanda ya taɓa majinyaci sai shugaba ya hura usur. Shugaban ni ne. Mun maimaita wannan har ya zauna musu a jiki.

Wata ranar kasuwa da hantsi ana sauke kwanon rufi daga wata babbar mota a tasha, igiya ta tsinke. Na ji ƙarar daga teburin mai shayi, kamar an kifar da tasoshi ɗari a lokaci ɗaya, sannan salati. Na ruga da jakata. Ɗalibaina bakwai suna wurin, sun riga sun yi da'ira, sun buɗe mini hanya.

Shi ne a kwance, dattijon nan ma'aunin hatsi. Bakin kwano ya yanke shi a cinya, can sama. Jinin ba zuba yake ba, tsartuwa yake, yana ɗaga rigar kaɗan kaɗan tare da bugun zuciyarsa. Na san abin yi sarai: a yage wandon, a dunƙule hannu a danna matsematsi da duk ƙarfi, a ɗaure sama da raunin. Na koyar da wannan ya fi sau ashirin. Aikin duka bai kai tsawon karanta Fatiha ba.

Ban san lokacin da na tuɓe takalmina ba. Ya juyo ya gan ni, sai ya jawo babbar rigarsa ya rufe wurin, ya riƙe ta da hannu biyu.

“A'a. Ba kai ba, ɗan nan. Ja baya.”

Na ja baya. Na tsuguna. Na ce, “Sannu, Baba.”

“Malam, hura mana!” Ɗan dakon nan mai barkwanci ne. “Malam, jini fa! Don Allah hura!”

Usur ɗin yana rataye a wuyana. Da na hura na juya baya, da su sun yi aikin, domin su ba surukinsu ba ne. Wannan tunanin bai zo mini ba sai bayan kwana biyu. A lokacin ƙasa kawai nake kallo, jinin yana gangarowa cikin yashi yana ɗauke da ƙwayoyin gero, har ya iso yatsun ƙafata da ɗuminsa. Su kuma suna tsaye riƙe da hannun juna, suna tare jama'a kamar yadda na koya musu.

Wani mahauci ne ya ture su ya shiga, ya ɗaure rawaninsa a kan rigar, ƙasa da raunin. Na ga kuskuren, ban iya buɗe baki ba. Aka sa dattijon a mota sai Katsina. Kafin su wuce Daddara rai ya yi halinsa.

Bayan sadakar bakwai ƙanensa, wanda ya riƙe shi a cikin motar, ya aika a kira ni. Na tafi ina jiran zagi, har ina fatan a zage ni. Ya ce in matso.

“Yaya ya bar magana kanka kafin shi cika. Ya ce yaron ga ɗan mutunci ne. Jinina na zuba, bai ɗaga ido ya dube ni ba. Ya ce a ba ka ɗiyar.”

Na ce, “Na gode, Baba.” Abin da na ce ke nan.

Ɗalibaina ba wanda ya taɓa tayar mini da maganar. Sun zo ɗaurin aure, sun ci goro. Ɗan dakon ne kaɗai bai sake zuwa gindin tsamiya ba, in mun haɗu kuwa ya gaishe ni da ladabin da ya fi mari ciwo. Na ci gaba da koyarwa shekaru, na soke dokar nan, an kuma ceci mutane da hannun yaran da na koya wa. Ban taɓa jin nauyin ya ragu ba. Matata ta san labarin yadda baffanta ya faɗa mata, tana kuma alfahari da shi.

Da aka zo neman 'yarmu ta biyu, saurayin ya shigo zaure gaishe ni. Na ce ya matso. Na kamo hannunsa na ɗora a cinyata, na ce, “In ka taɓa ganina kwance jini na tsartuwa, nan za ka danna. Ko na kore ka, kada ka tafi. Ka ji?” Ya zare hannunsa kamar ya taɓa garwashi, ya koma bakin ƙofa ya duƙar da kai. Na kira shi sau uku, ya ƙi dubana.

Daga cikin gida na ji muryar matata, tana murna.

“Ƙyale shi, Malam. Yaro ne mai kunya, kamar kai.”