Littafin Darasin da Na Sake Kwafewa

A shekarata ta biyu ta koyarwa, a wata sakandare da ke kan hanyar Mahuta, abu ɗaya nake jira: takardar tabbatar da ni a aiki. Wanda ba a tabbatar ba, ana iya sallamarsa da layi biyu. Ina haya a ɗaki ɗaya a Nasarawa, iyayena kuwa a ƙauye gani suke tunda na gama jami'a ai magana ta ƙare.

Darasin Gwamnati nake koyarwa. Ƙa'idar makarantar ita ce kowane malami ya tsara darasinsa a babban littafi, ya kai wa mataimakin shugaban makaranta ya sa hannu da jan biro. Mataimakin namu dattijo ne daga Filato, Baba muke ce masa. Ba ya karantawa, sai dai ya duba ko shafi ya cika. Kuma ba a sa ranar da aka yi rubutun, sai makon da za a koyar da shi.

Ni mutum ne mai tsoron makara, don haka tun kafin hutun Kirsimeti na rubuta darussan Janairu. Batun mako na biyu mulkin soja ne. Don kada in taɓa na gida, sai na ɗauko misali daga nesa, daga wani kwas da na yi a jami'a: shugaban Brazil na farko. Tsohon hafsan soja ne da ya yi wa sarkin ƙasar yaƙi shekara da shekaru, kuma an ce yana girmama sarkin. Ba shi da lafiya ranar da aka taso shi ya ja dakaru, amma a ranar sarauta ta faɗi. Ya riƙe gwamnatin riƙon ƙwarya, daga baya majalisa ta zaɓe shi. Bai saba a musa masa ba, majalisa kuwa aikinta musu. Ya rushe ta. Cikin 'yan makonni sojojin ruwa suka juya masa baya, ya sauka, ya miƙa wa mataimakinsa. A ƙasan shafin na sa tambayar aji: me ya sa wanda ya iya ba da umarni yake kasa yin mulki?

Baba ya sa hannu. A cikin hutun nan soja suka karɓi mulki a ƙasarmu.

Da muka koma, ɗakin malamai ya canza. Masu gardamar siyasa sun koma zancen ƙwallo. Sai aka ce sufeto na zuwa daga ma'aikatar ilimi ranar Talata, kuma rahotonsa ne zai shiga fayil ɗin waɗanda ba a tabbatar ba. Na buɗe littafina, na ga Janairu a saman shafin. Duk wanda ya karanta zai ɗauka bayan juyin mulkin na rubuta.

Mai yiwuwa babu wanda zai damu. Har yau ban tabbata ba. Amma na tafi wajen Baba.

Ya karanta, karo na farko ina jin. Ya cire tabarau.

"Malam, duk ƙasashen duniya ka rasa na ɗauka sai wannan? Ba ka ce Brazil ba, ai da 'yan ƙwallo ka kawo mana."

"Baba, a Disamba na rubuta."

"Ni na sani. Takarda ta sani? Ga hannuna ma a ƙasa, ka ja ni ciki."

Na ce in yage shafin. Ya ce shafukan da lamba, yagewa laifi ne babba. Sannan ya ce abin da bai gani ba bai hana ba.

Ranar Asabar na sayi sabon littafi a kasuwa. Na kwafe darussan zango biyu, tun daga Satumba, ban je coci ba ranar Lahadi. A mako na biyu na Janairu na sa ma'anar mulkin soja cikin layi huɗu, babu misali, babu tambaya. Litinin da safe Baba ya jera sa hannunsa mako bayan mako, yana tsaki.

Sufeton mace ce, 'yar Binuwai, mai magana a hankali. Ta juya shafukan, ta shafa ɗaya da yatsa.

"Malam, kana shiga aji da littafin nan?"

"Ina shiga, Madam."

"Babu ƙurar alli ko ɗaya. Biro guda tun Satumba bai ƙare ba? Ni ma na koyar. Wannan zama ɗaya aka yi masa."

Ta ɗauka ban taɓa tsara darasi ba, sai da na ji tana zuwa. Tsohon littafin yana cikin jakata, a gefen ƙafata, da allinsa da gyare-gyarensa. In na fito da shi, zai wanke ni daga lalaci, amma dole ta tambayi dalilin kwafewar. Baba yana bakin ƙofa yana kallon silin.

"Kana da abin cewa?"

Na ce babu.

Ta rubuta abin da ta rubuta. Abokan zuwana uku sun karɓi takardunsu kafin Ista. Ni aka ƙara mini shekara guda ta gwaji, na kuma rubuta wa mahaifina cewa ma'aikata ce ke jan ƙafa.