Ikweshan Biyu Masu Lamba Ɗaya

Ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin na safiyar wata Talata abin ya fara, har yau ina tuna lokacin. Ina aji uku a jami'a, ranakun da ba ni da lacca ina aiki a shagon buga takardu na Ya Falmata a unguwar Mairi.

Malam Bukar, malamin lissafi a wata sakandare, ya kawo kundinsa na digiri na biyu a filashi, a fitar masa kwafi huɗu a ɗaure. A ƙa'idar sashensu, kowane ikweshan, wato layin lissafi, yana zama a tsakiyar shafi, lambarsa a ƙarshen dama cikin baka biyu, ta babi a gaba. Na shida a babi na huɗu shi ne 4.6.

Ina duba shafukan sai na ga 4.6 har sau biyu. Da hannu ya buga lambobin, ya maimaita ɗaya bai lura ba. Na ɗago in faɗa masa, na tarar suna ta hira da Ya Falmata cikin harshen Kanuri, suna dariya. Na ji nauyin katse manya. Sai na sa kwamfuta ta jera lambobin babin da kanta, na haɗa ta da duk wurin da aka ambaci ikweshan a cikin rubutu. Duk abin da ya biyo bayan 4.6 ya matsa gaba da ɗaya. Aikin ya yi kyau. Aka ɗaure, ya kai wa masu jarraba shi. Ban faɗa masa na canza lambobin ba.

Ranar Alhamis da hantsi ya dawo, hula a hannu, washegari zai kare kundin.

"Ya Falmata, ko dai tsufa ne? Wata uku ina haddace 4.11 a matsayin sakamakona. Na buɗe littafi, na ga wani abu daban!"

Katunan da ya rubuta da abin da zai haska a allo duk tsofaffin lambobi ne, masu jarrabawa kuma sababbi ke hannunsu. In ya ce 4.11 suka buɗe suka ga ba shi ba, za su ɗauka bai san aikinsa ba, ko ma wani ne ya rubuta masa.

Na ce, "Malam, ni ce."

Na nuna masa shafin. Ya daɗe yana kallo.

"Farfesan da ke duba aikina ya karanta sau uku bai gani ba," in ji shi. "Amma Zara, bakin naki haya kika ba da shi?"

Muka zauna har la'asar. Na jera masa tsofaffin lambobi sha tara, kowace da sabuwarta a gefe, na gyara abin haskawa, shi kuma yana goge katunansa yana maimaitawa da ƙarfi kamar ɗan firamare. Ya tafi bai yi mini sallama ba. Daga baya muka ji ya ci jarrabawar.

Da muna rufe shago a ranar na tambayi Ya Falmata ko ya kamata a ce na bar kuskuren yadda na same shi.

Tana naɗe wayar firinta ta ce, "A'a, ki gyara. Amma ke takarda kika gyara, shi kuwa a kansa lambobin suke. Mai shi za ki fara faɗa wa, ko da mai martaba Shehu yake hira."