Moto a Ƙofar Gidan Surukina

Ni mutumin doki ne, kuma da an bar ni da ra'ayina da a kan doki zan tsufa. A kansa na fara aikin allurar dabbobi a Tawa, 'yan shekaru kaɗan bayan Faransawa sun miƙa mulki. Ina bin rijiyoyi da rugage daga Afala zuwa Barmu har Kalfu, ina yi wa shanu allura, ina shan nono wurin masu son aikin, ina shan zagi wurin waɗanda ba su yarda da shi ba. In na fita sai in yi kwanaki ban ga gida ba. Hakan bai taɓa damuna ba sai shekarar da matata ta samu cikin fari, ta koma gidan iyayenta goyon ciki a nan cikin gari.

A shekarar aka kawo wa ma'aikatarmu moto, wato babur, baƙa wuluk, guda ɗaya tak. Shugabanmu ya ce ni za a ba, tunda zagayena ya fi na kowa nisa, amma sai na ci permi, takardar izinin tuƙi. Mai jarrabawar daga Yamai yake zuwa, in ya zo ya koma kuwa sai baɗi. In na faɗi, moto ta tafi wani gari, ni kuma in koma wa dokina.

Nan take na yi lissafina. Da moto zan fita bayan asuba, magariba ta same ni a Tawa, ko me ya faru da matata ina kusa. Amma ɗan Adar ba ya buɗe baki ya ce ɗan fari yake wa ɗoki. Duk wanda ya tambaye ni dalilin wannan rawar jiki sai in ce shanun talakawa nake tausayi. Ban san ko akwai wanda ya yarda ba.

Wanda ya koya mini tuƙin taubashina ne, ɗan gwaggona, makaniki a garejin gwamnati. Mutum ne mai hannu a aiki, amma bakinsa ya fi hannunsa kaifi, ga shi Allah ya ba shi ni a arha. Kullum bayan la'asar sai mu tura moto zuwa wani fako a bayan gari, ya zana mini lamba takwas ƙatuwa a ƙasa da sanda, ya ce in bi zanen kada ƙafata ta taɓa ƙasa.

Ba tsoro ne ya ba ni wahala ba, doki ne bai fita daga jikina ba. In ina so ta tsaya sai in ja kanta baya da ƙarfi kamar linzami, har da yi mata tsawa. In ina so ta ƙara sauri sai in dungure ta da dunduniya. Taubashina yana bina a guje, dariya ta hana shi numfashi.

"Bawana, wagga ba goɗiya ba ta! Ko ka kwan kana ja mata linzami ba ta jin ka. Taka birki, kai!"

"Bawan wa? Ai kai na gada," nake ce masa, ina tofar da ƙasa.

Akwai kuma alamomin hanya da sai an haddace su, alhali yawancinsu babu su a duk faɗin Adar. Wata rana ya nuna mini hoton mararrabar jirgin ƙasa, ni da ban taɓa ganin jirgin ba.

"In ka ga wagga alama, mi kaka yi?"

"In yi salati," na ce, "don na san na ɓace, na bar ƙasarmu."

Sannu a hankali dai hannuna ya faɗa. Ranar da na fara zagaye takwas ɗin nan ba tare da na dafa ƙasa ba, iska tana kaɗa mini riga, na ji wani daɗi irin na yaron da aka ɗora kan jaki karon farko. Na yi ta zagayawa ina ihu ni kaɗai, har taubashina ya ce in tsaya, esansin da nake ƙonawa, wato fetur, na gwamnati ne ba na gadonmu ba. Daga nan ya ce lokaci ya yi da zan shiga gari.

Ga inda gizo yake saƙa. Babbar hanyar da ta nufi kasuwa ta ƙofar gidan surukina ta bi. Dattijo ne mai kwarjini, marar yawan magana, kullum da hantsi yana kan tabarma a gindin katangarsa tare da abokansa. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa ɗaga ido na kalli fuskarsa ba. In zan wuce, tun daga nesa nake sauka daga doki, in tuɓe takalma, in durƙusa in gaishe shi, sannan in ja dokin da ƙafa har sai na sha kwana. Haka na ga ana yi, haka jikina ya saba.

To, ranar farko da na shiga gari a kan moto, ina hango farar rigarsa sai jikina ya yi abin da ya saba ba tare da ya shawarce ni ba. Na dira ƙasa, na zubar da takalma, na durƙusa. Sai dai doki in ka sauka tsayawa yake ya jira ka. Ita kuwa moto ta ci gaba abinta ba kowa a kai, ta tarwatsa kajin unguwa, ta je ta kwanta cikin dangar maƙwabta, ƙafarta ta baya tana ta juyawa.

"Ina kwana, Baba," na ce, kaina a ƙasa.

"Lahiya lau," ya ce. Sannan ya ƙara da cewa, "Tahi ka kama dabbarka."

Ba wanda ya yi dariya a kan tabarmar nan, kuma wallahi da sun yi da ya fi mini sauƙi. Taubashina kuwa kafin la'asar ya kai labarin kasuwa da gareji da bakin masallaci. Amma da muka keɓe sai ya daina wasa. Ya ce hanyar nan ita mai jarrabawa yake sa a bi, daga fili zuwa kasuwa a dawo, yana biye a mota yana kallo. Wanda ya sauka ko ya saki kan moto ba dalili, ya faɗi.

"Ka runtse ido ka wuce," in ji shi. "Rana ɗaya ta."

Na gwada hakan a zuciyata ba sau ɗaya ba, na kasa. In wuce uban matata yana zaune, ni ina bisa, da takalma, in bule shi da hayaƙi? Aika masa ya shiga gida kuwa ya fi wucewar muni. Na rasa mafita, na bar wa Allah.

Ranar jarrabawa na amsa tambayoyin alamomi, har da ta jirgin ƙasa, wannan karon ba salati. Na zagaye takwas ɗina sumul. Mai jarrabawar, wani dogon mutum mai tabarau, ya nuna hanyar kasuwa ya shiga motarsa. Na kama hanya, ina addu'ar Allah ya sa wani suna ko ɗaurin aure ya ɗauke dattawan nan yau.

Suna nan. Tun daga nesa na hango tabarma cike, har sun fi kullum yawa. Na ji ƙafata ta dama ta fara neman ƙasa da kanta.

Sai na ga surukina ya miƙe. Ya juya mini baya, ya fuskanci katangarsa, ya sa yatsa yana bin wata tsaga da damina ta bari. Abokansa ma suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, suka jeru suna duban katangar nan, wani yana ƙwanƙwasa ta, wani yana girgiza kai, kamar ba a taɓa yin tsaga irinta ba a duniya. Ba wanda ya gan ni, don haka babu wanda zan gaisar. Na wuce a hankali, hannuwana biyu a kan moto. Da na kai kasuwa na juyo, har yanzu suna kan shawarar katanga.

Na ci permi. Taubashina ya rungume ni yana shelar cewa bawansa ya zama mutum, ni kuwa dariya nake yi hawaye suna zuba. Sai daga baya matata ta gaya mini cewa surutun taubashin nan ne ya kai maganar cikin gidansu, har da sharaɗin mai jarrabawa. Ta ce da mahaifinta ya ji, sai ya aika a kira masa abokansa da sassafe.

Da yammacin ranar na tafi gaishe shi, a ƙasa, takalmana a hannu. Na durƙusa nesa da tabarma kamar kullum.

"Ɗazu da hantsi na ji wata ƙara ta wuce," ya ce, yana kallon gefe. "Ban ga ko wa na ba, muna duban katanga."

"Allah shi kyauta katangar, Baba."

"Amin." Ya ja carbinsa kaɗan. "An ce abin nan naku, in mutum ya taso daga Barmu da la'asar, shina sallar magariba Tawa?"

"Haka na, Baba."

"To, madalla," ya ce. "Ka riƙa yin magaribarka nan kusa. Mutanen cikin gida sun ce watan haihuwa ya kama."