Manu Jiƙa-Hannu

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Manu a Bagudo ya san sai ya goge tafinsa a riga bayan sun rabu. Mutumin nan hannunsa ba ya bushewa! Ko ɗaurin aure aka je, za ka hango shi bayan rumfa yana tsiyaya ruwan buta a hannu. Har sunan ubansa ya ɓace, kowa sai Manu Jiƙa-Hannu. Ni ce Kulu, taubashiyarsa, ɗiyar gwaggonsa, kuma ni ke bandar kifin da ya kamo, don haka ba wanda ya sha haushinsa kamar ni. Zan ba ku dariya in na iya, amma kun san inda zancen zai ƙare, wurin Isiya ne, ɗansa tilo, wanda ya ƙetara ƙasar Binin ya ƙi waiwayowa.

Asalin abin a kogi yake. In Manu ya jawo taru ya ga ɗan kifin da bai kai tsawon tafinsa ba, to aiki ya tsaya. Sai ya tsoma hannu biyu a ruwa tukuna. Wai santsin nan na jikin kifi rigarsa ce, busasshen hannu yana tuɓe ta, kifi ya koma ruwa tsirara ciwo ya kama shi. Ba ya matsa shi, ba ya cusa yatsa ta inda yake numfashi. In kifin ya haɗiye ƙugiya ba ya fizga, sai ya yanke zaren, alhali kun san rowar Manu, mutumin da yake nutso don ƙugiya guda mai tsatsa. Jifa kuwa haram! Zai sauke shi cikin ruwa a hankali, ya juya kansa ga inda ruwa ke tahowa, ya tallabe shi har sai ya motsa da kansa, sannan ya ce, "Tahi sannu. Ka gaida uwarka."

Wata rana surukaina za su zo daga Kende. Na sayi ƙananan karfasa cike da roba, masu rai, na ajiye a inuwa na shiga dakan yaji. Na fito, babu roba! Maƙwabciyata ta ce ta ga Manu ya ɗora ta a ka ya nufi bakin ruwa. Na bi shi ko ɗankwali babu. Na tarar da shi a tsugune yana sallamarsu ɗaya bayan ɗaya, kowace da gaisuwar uwarta.

Na ce, "Manu, Allah ya isa! Mi zan ba baƙina?"

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Ki ce su dawo baɗi. Lokacin sun yi girma."

Ranar miyar kuka lami surukaina suka sha. Uwar mijina har ta rasu tana ce mini mai kifin baɗi.

Kun tuna lokacin da ma'aikatan kula da kamun kifi suka tara masunta a gindin tsamiya? Jami'in, bawan Allah mai haƙuri, ya bi dokokin dalla-dalla: kada a sa taru mai ƙananan ido, kada a zuba magani a ruwa, ƙaramin kifi a maida shi da jiƙaƙƙen hannu. Manu yana ta gyaɗa kai kamar shi ya rubuta. Can sai ya miƙe. "Ranka ya daɗe, kun manta guda. Ina gaisuwa?" Jami'in ya yi dariya ya ce gwamnati ba ta sa wannan ba. Manu ya ce, "To a sa. Wa ka dawowa gidan da ba a yi mai sallama ba?"

Har jandarmomi, 'yan sandan Binin, sun san shi. Wata rana ya bi kogi sama da jirginsa ya wuce iyaka, sai ga nasu jirgin mai inji, suna daka masa tsawa ya ɗaga hannu. Shi kuwa hannuwansa na cikin ruwa, yana tallabe da wata 'yar tarwaɗa da ta galabaita. Ya ce musu da Dandanci, yaren can, "Ku dakata, ina da maras lafiya." Wallahi suka kashe inji suka jira! Da ta tafi, babbansu ya tambaye shi, kifin na wace ƙasa ne. Ya ce, "Ban ga katinta ba, kuma ba ta tambayi nawa ba."

To, ga inda dariya ta ƙare mini. Shekarar da ruwa ya ja baya da wuri, kogi ya yi ƙaf, taru ya riƙa fitowa da ciyawa. Matar Isiya tana goyo, nono ya ƙafe, uwarsa kuma ta riga ta rasu balle ta rufa musu asiri. Isiya ya kwance gidan sauron da aka ba matarsa a asibiti, ya mai da shi taru, ya shiga fadama ya kwaso 'ya'yan kifi ƙanana kamar ƙwayar kabewa, ya shanya su a tabarma. Manu ya zo ya gani. Ina wurin. Ya yaga gidan sauron a gaban mutane, ya cakumi wuyan rigar yaron ya tura shi har ya faɗi.

Isiya ya ce, "Baba, ɗiyata na jin yunwa."

Manu ya ce, "Waɗanga ba ɗiyan wani ba ne? Tahi! Ba ni da ɗa ɓarawon ruwa."

Kafin sati Isiya ya kwashi iyalinsa ya ƙetara, ya canza layin waya. Na yi wa Manu tas, na ce kifi ya fi jininka? Ya ce in fita harkarsa. Amma tun daga nan, duk ranar kasuwar Kamba sai ya ƙirƙiro sayen zare, ya je ya tsaya wurin masu babur na iyaka, yana tambayar farashin abin da ba zai saya ba. Sunan ɗan dai ya ƙi fita daga bakinsa. Taurin kai gadonmu ne, ni ma na sani.

Da ciwo ya kwantar da shi bana, na kai masa romo. Ya tsamo kifin da cokali, ya gwada da tafinsa, ya harare ni. "Kulu, wanga bai kai ba." Na ce ka ci ko in ɗura maka. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa, ya daɗe yana kallon hannuwansa, sannan ya ce, "Duk abin da na saki a duniya sai da na jiƙa hannu. Yaron nan kaɗai na jefa da busasshen hannu." Kuka ya ƙwace mini. Ranar na aika wa Isiya saƙo ta bakin wani mai babur.

Manu ya cika da hantsi, idonsa a kan ƙofa. Isiya ya iso ana ɗora ruwan wanka, ƙura har gira, ko magana ban samu yi masa ba ya wuce ciki. Mijina na cikin masu wankan, shi ya ba ni labari. Isiya ya durƙusa, ya miƙa hannu zai taɓa uban, sai ya janye. Ya tsoma hannu biyu cikin bokiti tukuna. Sannan ya tallabi kan ubansa ya ce, "Baba, tahi sannu. Ka gaida Inna."

Ya Allah, ga Manu nan mun sako maka shi. Ka riƙe shi a hankali, ka yafe masa, ka sanyaya kabarinsa. Ka kuma sanyaya zuciyar Isiya. Amin.