Nimaron da ke gindin injin shara

Shekarar da yayana ya dawo daga Aljeriya, ko turmin zane bai kawo wa Inna ba, amma ya kawo injin shara, mai dogon hancin nan da ke zuƙe datti daga kan tapi, wato kafet. A Mayahi fa, garin da ko tuwo ka buɗe sai yashi ya riga ka sa hannu. Duk baƙon da ya shigo, sai Yaya ya watsa ɓawon gyaɗa a ƙasa ya kunna injin, ya tsaya yana hura hanci kamar shi ya ƙera shi. Har ya yi wa abokansa alkawarin ranar sunan ɗansa za su sha kallo.

Ana saura ƴan kwanaki suna, injin ya ci ƙaiƙayi ya ƙoshi, ya yi tari, ya mutu. Ni dai wallahi daɗi na ji. Mai gyara na Tasawa ya ce a waya za a samu abin da ya ƙone a Maraɗi, amma sai an karanta masa nimaro, wato lambar injin, yana nan kan ƴar takarda a gindin injin.

Yaya ya kifa shi a tsakar gida. Daidai inda takardar take, sai ga koren fenti an lafta. Alamar gidanmu ce. Kowace mace a unguwarmu tana shafa fenti a gindin kwanoninta don kada su salwanta a gidan biki, Inna kuwa ba ta ware komai ba, har rediyo bai tsira ba.

"Inna, wa ya sa ki? Nimaro ne kika rufe!"

"To ina ake sa alama in ba gindi ba? Taro za a yi, ka san hannun mutane. Gyara na yi maka."

Ya ɗauko reza yana kankarewa a hankali, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Fentin ya fita, ya tafi da rubutun kakaf. Inna ta leƙo ta ce, "Ka ɓata mini alama. In ya ɓace, kar ka biɗe ni."

Ranar suna falo ya cika, abokai suka ce a kunna musu abin al'ajabi. Yaya ya gyara hula ya ce ai an ɗauke kuran, babu wutar lantarki tun safe. Sai duk suka ɗaga kai suna kallon fanka tana ta juyawa bisa kansa.